Amsa ga Hajiya ta Maamobi: yadda ake auna shafukan rangwame na intanet

Hajiya, saƙonki ya iso, kuma tambaya biyu ce a cikinsa. Kin ce 'yarki ta cika miki waya da manhajoji da shafuka masu tallar rangwame, wannan yana cewa ya rage rabin farashi, wancan yana cewa garaɓasarsa ta yini ɗaya ce tak, kina son sanin wanne ya fi cancanta mutum ya zuba kuɗinsa a ciki. Sannan kin ce wani saurayi ya same ki a gidan abincinki na Maamobi da tayin cewa za su sa wake da shinkafarki a shafinsu a kan rabin farashi, su kuma su kawo miki masu saye ɗaruruwa. Na daɗe ina riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafin lissafi a unguwannin Nima da Madina da Sabon Zango a nan Akra, na kuma ga irin wannan ciniki daga ɓangaren mai saye da na mai sayarwa, saboda haka zan amsa duka biyun, domin a gaskiya amsar ɗaya tana cikin ta ɗayan.

Abu na farko da nake so ki ajiye gefe shi ne adadin da ake rubutawa da jan rubutu, wato kashi 50 ko kashi 70 cikin ɗari. Wannan adadi shi ne abin da ya fi rauni wajen gwada shafi da shafi, domin mai shafin ne ya zaɓi farashin da ya ce shi ne na asali, kuma daga wannan farashin ne ake lissafa ragin. Ma'aunin da ni nake amfani da shi tambayoyi ne guda biyu: a hannun wa kuɗina zai zauna tsakanin lokacin da na biya da lokacin da na karɓi kaya, kuma daga aljihun wa ragin yake fitowa? Idan kika sa waɗannan tambayoyi a gaba, za ki ga cewa abubuwan da ke cikin wayarki, duk da sun yi kama a ido, ba iri ɗaya ba ne.

Akwai wanda ke sayar miki da takardar rangwame tun kafin ki ga kaya. Kin biya yau, an turo miki lamba ko hoto a waya, sai wata rana ki je otal ko gidan abinci ko wurin gyaran gashi ki nuna a yi miki aiki. A nan shafin dillali ne, kuɗinki yana hannunsa, alƙawarin kuma yana wuyan wani mutum dabam. Akwai kuma lambar rangwame wadda ba a sayenta, ana shigar da ita ne a lokacin biya, sai a cire wani abu daga jimlar kuɗin nan take, kamar yadda masu kiran mota ko abinci ta Bolt suka saba gani, ko masu sayayya a Jumia. Akwai shagon intanet da ke karya farashin wani kaya na 'yan awoyi, wanda nan ciniki ne kai tsaye ba takarda a tsakani. Na ƙarshe shi ne wanda ke cewa ki biya cikakken farashi, daga baya a mayar miki da wani kaso cikin asusunki na manhaja. A cikin waɗannan huɗu, na farkon ne ya fi ɗora wa mai saye haɗari, shi ne kuma wanda saurayin nan ya kawo miki, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Wannan salo ya shahara ne da kamfanin Groupon, wanda Andrew Mason da abokansa suka fara a birnin Shikago na Amurka a watan Nuwamba na 2008. Tayinsu na farko na fiza ne, a sayi ɗaya a samu biyu, a wani gidan abinci da ke ƙasan ginin da ofishinsu yake. Dabarar farko tana da ma'ana, kuma duk wanda ya san adashi ko haɗa kuɗi a sayi buhun shinkafa a raba zai gane ta: ragin ba ya tabbata sai adadin masu saye ya kai wani mizani, ta yadda mai kaya zai samu ciniki mai yawa a madadin ribar da ya sadaukar. Abin ya bunƙasa da sauri har Google ya yi tayin sayen kamfanin a kan kimanin dala biliyan 6 a ƙarshen 2010, suka ce albarka. A Nuwamban 2011 suka shiga kasuwar hannun jari suka tara dala miliyan 700, amma a Fabrairun 2013 aka sallami Mason daga shugabanci bayan darajar kamfanin ta zube. Babban abokin hamayyarsu, LivingSocial na birnin Washinton, wanda Amazon ya zuba wa dala miliyan 175 a 2010, ya ƙare ne a hannun Groupon ɗin a 2016. A wannan shekarar ce kuma Groupon ya tattara kayansa ya bar Afirka ta Kudu.

A yankinmu ma an yi. A Najeriya Sim Shagaya ya kafa DealDey a 2011, kamfanin Ringier na ƙasar Suwizalan ya saye shi a 2016, bayan 'yan shekaru ya rufe. Waɗanda suka daɗe suna sayayya ta intanet a nan Akra za su tuna shafin Tisu, wanda shi ma na Ringier ne. Kamfanonin da suka fara da garaɓasar yini ɗaya suka kuma rayu har suka yi girma, irin su Meituan a Sin da Coupang a Koriya ta Kudu, duka na 2010, sun rayu ne domin sun sauya sana'a, suka koma kai abinci da kaya har gida. Ban kawo wannan tarihi don nishaɗi ba, Hajiya. Na kawo shi ne domin ki ga cewa dillalin da ke riƙe kuɗin mutane kafin a ba su kaya yana iya rufe ƙofa, ko da kuwa babba ne, ranar da ya rufe kuma takardar da ke cikin wayar mai saye ta zama hoto kawai, mai kayan da ya riga ya ciyar da mutane shi ma yana bin bashi. Ko a baya-bayan nan mun ga Glovo, kamfanin kai abinci har gida, ya daina aiki a Ghana a watan Mayu na 2024. Duk kuɗi ko maki da mutum ya tara a cikin wata manhaja, amfaninsu yana rataye ne a kan cewa manhajar tana nan gobe.

To, idan mai saye ce ke, ga yadda nake gwadawa. Ina fara ne da neman farashin gaskiya a wajen shafin. Shekarar da za a aurar da ƙanwata na ga tukunyar dafa shinkafa ta lantarki a wani shafi, an ja layi a kan wani babban farashi an rubuta ƙarami a ƙasa, ga agogo yana ƙirga mintocin da suka rage. Na ɗauki hoton kayan da lambar samfurinsa, washegari na bi ta kasuwar Okaishie na tambayi shaguna uku. Farashin da suka fara faɗa mini, tun kafin in yi tayi, ya yi kusa da wanda shafin ya kira ragi, da na taya kuma sai ɗaya ya sallama a ƙasa da shi, ya sa aka jona wuta a gabana na ga tana aiki. Da na saya a shafin, da sai na ƙara kuɗin mai babur da zai kawo. Ba ina cewa duk ragin intanet haka yake ba, domin na sha samun waya da man girki a farashin da kasuwa ba ta kai ba, musamman a garaɓasar watan Nuwamba da manyan shaguna ke yi. Abin da nake cewa shi ne ragin da ba a gwada shi da kasuwannin Makola ko Okaishie ko Circle ko shagon Melcom mafi kusa ba, ba a san girmansa ba tukuna. Agogon nan mai ƙirga mintoci an sa shi ne domin kada ki samu lokacin yin wannan gwajin.

Bayan farashi sai sharuɗɗa, kuma a nan ne shafuka suka fi bambanta da juna. Shafi nagari yana rubuta sharaɗin a saman tayi, da harafi mai girman da za a iya karantawa, kafin a nemi ki biya. Wanda ba nagari ba yana ɓoye shi a ƙasa, ko ya bari sai bayan biya ya turo. Ni kaina na taɓa faɗawa. Na sayi takardu huɗu na cin abincin rana a wani otal da ke gabashin gari, da niyyar in kai iyalina washegarin ƙaramar Sallah. Mun yi kwalliya, muka hau tasi daga Nima, muka isa, sai yarinyar da ke karɓar baƙi ta juyo mini da allon kwamfutarta cikin ladabi ta nuna mini layin da ban karanta ba: takardar tana aiki ne daga Litinin zuwa Alhamis, ban da ranakun hutu, kuma sai an kira an kama wuri kwana biyu kafin zuwa. Yara suna tsaye da sababbin kaya suna kallon teburin abinci. Na biya cikakken farashi a ranar, takardun kuma wa'adinsu ya ƙare kafin in sake samun ranar da dukanmu muke da sarari. Babu wanda ya yi mini ƙarya, sharaɗin yana rubuce, amma tun daga ranar nake karanta ƙasan tayi kafin samansa.

Abubuwan da nake dubawa a ƙasan su ne ranar da wa'adi zai ƙare, ranakun da aka cire, ko ana buƙatar kama wuri, ko an haɗa abin sha da haraji da kuɗin hidima a cikin farashin ko za a ƙara su a teburi, da kuma reshen da takardar ke aiki, domin rangwamen sidi 30 da zai kai ki unguwar Spintex daga Maamobi a cunkoson yamma ya ƙare a kuɗin mota tun kafin ki isa. Mu kuma muna da ƙarin tambaya wadda shafin ba zai yi mana ba, wato yankan naman da abin da aka dafa abincin da shi. Wannan sai an kira wurin an tambaya kafin a biya, domin bayan biya ba kowane shafi ne ke karɓar wannan uzuri ba.

Maganar wa'adi tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Wani ɓangare na ribar wannan sana'a yana fitowa ne daga takardun da aka biya ba a yi amfani da su ba. A Amurka an kai Groupon ƙara a kan wa'adin takardunsa, aka sasanta a 2012 a kan dala miliyan 8.5, kuma tsarin da kamfanin ke bi a can ya raba darajar takarda gida biyu: ragin yana iya ƙarewa, amma ainihin kuɗin da mutum ya biya yana nan, zai iya cin abin da ya kai wannan adadi. Wannan ita ce tambayar da nake so 'yarki ta yi wa kowane shafi a nan: idan wa'adi ya wuce, kuɗin da na biya ya mutu ko yana nan? Idan kuma mai kaya ya ƙi karɓar takarda ko ya rufe shago, wa zai mayar mini, cikin kwana nawa, kuma a MoMo ɗina, wato asusun kuɗi na waya, ko a matsayin maki da ba na iya cirewa? Shafin da ya amsa waɗannan a rubuce, yana da ofishi da ake iya zuwa da lambar waya da mutum ke ɗauka, ya fi wanda ke ba da ragi mai yawa ba amsa. Ba a cinikin biri a sama.

Akwai wani bambanci da mu a Ghana muka koya da tsada. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. A irin wannan yanayi takardar da ta ce faranti ɗaya na abinci ko gyaran gashi sau ɗaya tana kare mai saye, domin kaya aka yi masa alƙawari ba adadin kuɗi ba, ita kuwa wadda ta ce sidi 100 a kashe a shago kaza tana raguwa a hannu kowane mako. Ga mai sayarwa kuma abin a juye yake, shi ya sa a lokacin wasu masu abinci suka riƙa rage girman faranti ga masu takarda, rigima ta biyo baya.

Lambar rangwame da ake shigarwa lokacin biya ba ta da yawancin waɗannan matsaloli, shi ya sa na fi son ta. Ba ki biya komai don samun ta ba, idan ba ta yi aiki ba kina gani nan take ki fasa. Sau da yawa kamfanin ne ke ɗaukar nauyin ragin daga kuɗin tallarsa domin ya jawo sababbin masu amfani, abin da ya sa ta fi tsoka a sayen farko ta kuma ragu daga baya. Illarta ɗaya ce babba: sharaɗin mafi ƙarancin sayayya. Idan an ce sai kin kashe sidi 300 za a cire 30, ke kuma buƙatarki ta sidi 220 ce, to ƙarin 80 da za ki kashe don ki kai mizani ya cinye ragin har ya ci uwar kuɗi. Game da mayar da kaso kuwa, ba na lissafa shi a matsayin ragi sai ranar da ya shigo asusun da zan iya cirewa in sayi gawayi da shi. A ƙasashen waje wannan fanni babba ne, har Rakuten na Japan ya sayi Ebates a kan dala biliyan 1 a 2014, PayPal kuma ya sayi Honey a kan kimanin dala biliyan 4, amma akasarin waɗannan suna aiki ne da shagunan can, amfaninsu ga wanda ke sayayya da sidi kaɗan ne sai dai mai yin odar kaya daga waje.

Dole in tsaya a kan damfara, domin ita ce ta fi cin mutanenmu, ba sharuɗɗa ba. Saƙon da ke yawo a WhatsApp yana cewa wani babban kanti yana bikin cika shekaru yana raba kyauta, ki danna nan ki tura wa mutum ashirin, ba rangwame ba ne, tarko ne na tattara lambobi da bayanai. Babu shafin gaskiya da zai nemi lambar sirrin MoMo ɗinki, ko lambar da aka turo miki ta saƙo, ko hoton Ghana Card domin ya rage miki farashin abinci. Tun da MTN ya kawo MoMo a 2009 biya ya yi sauƙi, harajin tura kuɗi da aka sa a Mayun 2022 ma an soke shi a Afrilun 2025, amma sauƙin nan ya shafi ɓarawo kamar yadda ya shafi mai gaskiya. Kafin ki sa lambar sirri, ki karanta sunan da ya fito a allo: idan shafi ya ce shi kamfani ne amma sunan wani mutum ya fito, ki dakata. Inda aka ba da zaɓin biya bayan kaya sun iso, ki zaɓe shi ko da ragin ya ɗan ragu. Idan kuma an riga an cuce ki, ki kira kamfanin layinki nan take, sannan ki kai rahoto ga hukumar tsaron intanet ta ƙasa ta lamba 292. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012 ta wajabta wa masu tattara bayanan mutane su yi rajista su kuma faɗi abin da za su yi da su, don haka kina da haƙƙin tambayar dalilin da ya sa ake neman ranar haihuwarki kafin a sayar miki da sabulu.

Yanzu ga tayin saurayin nan, wanda shi ne ya fi damuna a saƙonki. Tsarin da Groupon ya shahara da shi, wanda masu kwaikwayonsa suka ɗauka, shi ne a rage rabin farashi, sannan rabin da ya rage a raba shi biyu tsakanin shafi da mai kaya. Mu ɗauki misali da lambobi na ƙiyasi, ke kuma ki maye gurbinsu da naki. A ce farantin wake da shinkafa da kaza da ƙwai da taliya da gari da shito kina sayar da shi sidi 80, kayan haɗi da gas da roba suna cin 45. Shafin zai sayar a 40, ya riƙe la'adar 20, ya ba ki 20. Kowane faranti kin yi asarar sidi 25 daga aljihunki, ban da haya da albashin 'yan aiki. Idan aka sayar da takardu 200, asarar ta zama sidi 5,000. Tun da abin da ke saura miki a faranti na cikakken farashi 35 ne, sai kin sayar da faranti 143 kafin ki cike ramin. Idan mutum 20 cikin ɗari biyun ne suka zama abokan ciniki na dindindin, sai kowannensu ya dawo fiye da sau bakwai kafin ki koma inda kika fara. Lissafin nan ma bai haɗa da abin da ya fi ciwo ba, wato malamin makarantar da ke cin abincinki kowace rana a kan 80, wanda zai ga tallar ya sayi takarda, ki karɓi 20 a hannun mutumin da ba sai an jawo shi ba.

Wannan ba tsoro ne na banza ba. Wani malamin jami'ar Rice a Amurka, Utpal Dholakia, ya tambayi 'yan kasuwa 150 da suka yi irin wannan talla a 2010, ya samu cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ba su ci riba ba, fiye da kashi 40 cikin ɗari kuma suka ce ba za su sake ba. A 2011 jaridun Ingila sun ba da labarin wata mai gasa ƙananan kek da ta yi ragin kashi 75 cikin ɗari, mutum 8,500 suka saya, ta wayi gari da aikin kek 102,000, ta ɗauki ƙarin ma'aikata, ta ƙare da asara. Abin da ya kayar da ita shi ne yawan masu saye ba tare da iyakar da ƙarfinta zai ɗauka ba. Ki yi tunanin mutum ɗari biyu sun taso miki a mako ɗaya, mafi yawansu da ƙarfe ɗaya na rana, tukunya ta ƙare, tsofaffin abokan cinikinki da suka fito daga masallaci suna tsaye a layi bayan baƙin da ba za su sake dawowa ba.

Binciken nan ya kuma nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku sun ci riba, kuma dalilin da ya raba su a bayyane yake ga mai lissafi. Wannan salo yana dacewa da sana'ar da ƙarin mutum ɗaya ba ya ƙara mata kashe kuɗi sosai. Ɗakin otal da zai kwana babu kowa, kujerar mai gyaran gashi da safiyar Talata, wurin ninkaya, ajin koyon ɗinki da ke da gurbi biyar a buɗe, duk waɗannan ko kwata aka samu ya fi babu. Abinci ba haka yake ba, kowane faranti yana cin shinkafarsa da namansa. Saboda haka idan kika ji maƙwabciyarki mai gyaran gashi ta ce ita ta ji daɗin shafin, gaskiya ta faɗa, amma lissafinta ba naki ba ne.

Akwai kuma abin da nake jin tsoro ya biyo baya, domin na ga an ba 'yan kasuwa wannan shawara: a ɗaga farashin da aka rubuta zuwa 120 domin rabinsa ya zama 60, ko a rage nama ga mai takarda. Kada ki yarda, Hajiya. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci ya sa hannunsa ciki ya ji danshi, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Farashin da ba ki taɓa sayarwa a kai ba, a rubuta shi a ja masa layi, danshi ne da aka ɓoye a ƙasan tari. Ko ta fuskar kasuwa ma, a zango kowa ya san nawa Hajiya ke sayar da farantinta, kuma sunan da kika yi shekaru kina ginawa ya fi takardu ɗari biyu tsada.

Ba na cewa ki kori yaron, domin shi ma neman halalinsa yake yi, kuma tayin yana iya gyaruwa. Idan ya dawo, ki sa 'yarki ta zauna da biro ku nemi waɗannan a rubuce. Ke za ki yanke adadin takardu, kuma a karon farko kada su wuce 30 ko 40. Su yi aiki a awoyin da kasuwarki ke sanyi kawai, misali daga ƙarfe uku zuwa biyar na yamma, ban da Juma'a da ranakun Sallah. Ragin ya tsaya inda abin da zai shigo hannunki bayan an cire la'ada ba zai gaza kuɗin kayan haɗi ba, wanda a misalinmu yana nufin kada ki karɓi ƙasa da 45, kuma la'adar abin tayi ce kamar kowane dillanci. Mutum ɗaya takarda ɗaya. A faɗi ranar da za a biya ki, kuma ya fi kyau a riƙa biya kowane mako maimakon a jira ƙarshen garaɓasa. A kuma faɗi wanda zai ci kuɗin takardun da aka saya ba a zo an karɓi abinci ba, domin idan ba a rubuta ba shafin ne zai riƙe.

Kafin ki sa hannu, ki gwada wannan tayi da abin da kike da shi a hannu tun asali. Gyaran da kike yi wa mai saye, ƙarin cokali ko yankin nama, rangwame ne da ke tafiya kai tsaye ga wanda kika zaɓa ba tare da la'adar kowa ba. Ƙaramin kati da za a buga wa hatimi, wanda ya ci sau tara na goma kyauta, yana cin sidi 45 a kan kowane ciniki na 720, kuma yana saka wa mai dawowa ne, ba mai wucewa ba. 'Yarki tana iya sanar da shi a WhatsApp ɗinta da na ƙawayenta ba tare da an kashe ko kwabo ba. Idan bayan haka kina son gwada shafin, ki ajiye littafi a kan teburi, ki rubuta sunan farko na duk wanda ya zo da takarda da ranar da ya zo, bayan wata biyu ki ƙirga nawa ne suka dawo suka biya 80. Ki turo mini adadin tare da kuɗin kayan haɗinki na gaskiya, sai mu zauna mu lissafa ko za a yi karo na biyu.